Jikinsa Ba Ya Son Gyaɗa

A garinmu ba a tambayar mutum ko yana noma gyaɗa, sai dai a tambaye shi yaya ta yi bana. Ƙauye ne a gefen Makoda, gida na jingine da gida, gonaki sun matso har gindin katanga. Maza su noma, mata su ɓare, su soya, su kai inji, su matse mai, su murza ƙuli. Ni ma da wannan sana'ar aka kawo ni gidan miji. Cikin kayan ɗakina har da kaskon suya.

Yaron ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. A wurinmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane. In ya faɗi, wata ce za ta ɗaga shi. In ya yi kuka a gaban surukai, sai ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Da ya fara magana ma Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannen maigidana suna kirana. Mai bakin magana a kansa ita ce kakarsa, mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Inna. Ita kuma angona take ce masa.

Da ya fara zama da kansa, wata safiya Inna ta dama kunun gyaɗa, ta ɗora shi a cinya.

"Zo nan angona, ka sha abin da ubanka ya sha ya zama ƙato. Nonon uwarka ai ruwa ne."

Bai sha da yawa ba ya fara ture ludayin. Kafin in gama wanke-wanke leɓensa ya kumbura, idanunsa sun ƙanƙance, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu kamar an zane shi da tsumagiya. Ya yi amai, ya yi ta kuka. Ina tsugune a bakin rijiya ina kallo ta gefen ido. Inna ta ce borin jini ne, yara suna yi. Ta shafa masa man kaɗanya, kafin azahar kumburin ya sauka. Ba wanda ya kawo kunun a ransa.

Abin ya ci gaba da dawowa. Duk ranar da na yi suya, sai ya yini yana susa har ya ji wa kansa ciwo. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka canza sabulu.

Ranar awo muka tafi asibitin sha-ka-tafi da ke garin gaba da mu. Mata ne cike a kan benci a ƙarƙashin darbejiya, kowacce da goyonta da katinta. Malamar asibiti mace ce mai faɗa amma ba ta da mugunta. Ta rataya shi a sikeli kamar ƙullin gari, ta rubuta, sannan ta ɗaga rigarsa ta tsaya tana duban tabon susa.

"Maman yaro, me ke cin sa haka?"

Na ce borin jini ne. Ta tambayi yaushe yake tashi, me ya ci, me na ci, me aka taɓa shi da shi. Sannan ta ce, "Wace sana'a kike yi?"

Wata daga bayana ta ce, "Malama, ki sunsuni zanenta mana. Duk bencin nan ƙamshi ɗaya muke yi."

Aka yi dariya. Malamar ba ta yi ba. Ta ce, "Yaron nan jikinsa ba ya son gyaɗa."

"To sai ya nemi wani garin," in ji matar nan. "A kai shi Kano ya ci biredi."

Malamar ta jira dariyar ta lafa. Ta ce min ba ciwo ba ne da ake sha wa magani ya tafi. Ta ce yau fata ce ta kumbura, wata rana maƙogwaro zai iya kumbura ya toshe, kuma in ya kai haka ba ya jiran mutum. Ta ba ni ƙwayar maganin ƙaiƙayi. Ta ce akwai wata allura da ake ajiyewa a gida don irin wannan, amma ba a samunta a nan kusa. Maganin ɗaya ne, kada gyaɗa ta shiga bakinsa.

Na dawo gida da maganar a baki, ban san inda zan sauke ta ba. Ba zan tsaya gaban Inna in yi mata bayanin ɗan farina ba. Na jira maigidana ya dawo daga gona, ya ci abinci, na faɗa masa a ɗaki. Ya daɗe yana kallon buhunan da ke jingine a kusurwa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gyaɗar?"

Shi ya faɗa wa Inna. Ina jin su daga madafi.

"Ba ya so? Wa ya ce ba ya so? Yaron da in ya ga ina ɓara yake miƙo hannu?"

"Jikinsa ne ba ya so, Inna, ba shi ba."

"Shi da jikin nasa mutum biyu ne?"

Ba ta yarda ba sai da ta gani. Wata rana ta gama cin ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ta ɗauke shi ba ta wanke hannu ba, ba riga a jikinsa. Da ta sauke shi, shatin yatsunta ya taso a bayansa, ja, kowane yatsa a wurinsa. Ta dubi bayan, ta dubi tafinta. Ta tashi ta wanke hannu da toka har sau nawa ban sani ba. Daga ranar ba wanda ya kai ta tsaro.

Na bar sana'a. Kaskon na ba ƙanwar maigidana. Buhuna suka koma gidan wansa. In maigidana ya dawo daga cirar gyaɗa, a zaure yake tuɓe riga ya wanke hannu kafin ya shigo. Miyarmu ta koma ta manja, taushe ya bar gidanmu. Baƙi in sun ci ɗanwakenmu da man shanu sai su ce mun zama Fulani. Muna dariya tare da su. A lokacin ina ganin abin da wuya amma zai yiwu, tunda yaron yana bayana ko yana tsakar gida.

Sai ya fara tafiya.

Yara a wurinmu ba na gida ɗaya ba ne. Da hantsi suke fita, su bi ta kafar darni daga wannan gida zuwa wancan, inda abinci ya same su nan za su ci. Ba wadda za ta zuba wa nata ta bar na wata yana kallo. Kuma a kowane gida akwai gyaɗa: a faranti, a turmi, a tabarma tana shan rana, a aljihun yara. Na koya masa magana ɗaya kamar yadda ake koya wa yaro Fatiha. In aka miƙo masa abu sai ya ɓoye hannu a baya ya ce, "Ni ba na cin gyaɗa, jikina ba ya so." Mata suna tsayar da shi a hanya su ce ya maimaita, don su ji daɗin yadda yake faɗa.

Gidan da ya fi zuwa shi ne na wata tsohuwa da darni kawai ya raba mu, kowa Gwaggo yake ce mata. 'Ya'yanta sun watse, jikokinta suna birni. Kullum da safe sai ya tsaya a kafar darnin ya yi sallama da ƙarfi kamar babban mutum.

"Wa alaikumus salam! Baƙona ya iso. Yau me ka kawo min?"

"Ban kawo komai ba."

"Kullum ba ka kawo komai ba. Wane irin baƙo ne kai, sai ci?"

Wata rana ya shigo da hannu a dunƙule. Na buɗe, soyayyar gyaɗa ce, wani yaro ya ba shi a tsakar gidan Gwaggo. Bai ci ba, amma tafin ya riga ya yi ja. Na leƙa ta saman darni, akwai mata a zaune suna tsinkar zogale. Na ce, "Gwaggo, don Allah in ya zo kada a ba shi komai."

Matan suka daina tsinkar.

"Komai?" in ji Gwaggo.

"Komai, Gwaggo."

Ta ajiye farantin da ke cinyarta. "Tun ba a haifi mijinki ba nake zaune a gidan nan. Yaran da suka ci tuwona sun yi jikoki. Ba a taɓa ce min mayya ba sai yau."

Ban ce mata mayya ba. Amma a garinmu in kika hana ɗanki cin abincin wata, ma'anarsa ɗaya ce. Washegari ta sa aka toshe kafar darnin da kara. Kwanon abinci da muke miƙa wa juna ta sama ya daina zuwa, daga gidanta da gidajen da ke jin maganarta. A gidan suna ana cewa ba ni da kunya, ɗan fari ne amma kamar a kaina aka fara haihuwa.

Yaron bai san an yi ba. Da safe ya je ya tsaya gaban karan ya yi sallama. Gwaggo tana amsawa, don sallama ba a ƙin amsa ta, amma a hankali, kuma ba ta cewa baƙona. Ya tsaya ya tsaya, ya dawo ya zauna kusa da Inna yana wasa da marfin kwano. Watannin nan ko susa bai yi ba. Fatarsa ta yi sumul, har Malamar asibiti ta yaba min a wurin awo. Ban taɓa ganinsa da lafiya kamar lokacin ba, ban kuma taɓa ganinsa shiru kamar lokacin ba.

Ana haka na haifi ƙanwarsa. Ranar suna Gwaggo ba ta shigo ba, ita da ko tuwon suna ba a tuƙawa a unguwar sai tana tsaye. Inna ta ce wannan ba zama ba ne. Bayan na yi arba'in ta sa ni gaba muka zagaya ta ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta, Inna ta yi magana.

"Haƙuri za ki yi, bakin yara ne. Ba komai da komai take nufi ba. Gyaɗa ce kawai, ita da manta."

"To ta ce haka mana! Ta ce gyaɗa. Ni jahila ce da ba zan gane gyaɗa ba?" Ta juyo gare ni. "Ke kuma tashi, gwiwarki za ta yi ciwo, jego gare ki. Wallahi ko ɓawonta ba zai gani a hannuna ba."

Da kanta ta cire karan. Ta kuma riƙe alkawari. Yaran da suka shigo da gyaɗa a aljihu korarsu take yi da muciya. In za ta yi suya sai ta aiko a ce kada baƙonta ya zo yau. Tana ajiye masa dafaffen rogo, da mangwaro in lokacinsa ne, da ƙanzon tuwo. Muryarsa ta dawo gidan. Na ce a raina ashe ana iya samun duka biyun.

Ranar da abin ya faru maigidana yana kasuwar Ɗambatta. Hantsi ya ɗaga, ina yi wa yarinyar wanka a tsakar gida. Yaron ya shigo ta kafar darni yana tafiya a hankali, hannunsa a wuya.

"Yaya, harshena ya cika min baki."

Na miƙa wa Inna yarinyar da kumfa a jikinta. Na ɗauke shi na fita, ba mayafi ba takalmi, a gaban mazan da ke zaune a ƙofar masallaci. Wani maƙwabcinmu ya tada mashin. Na sa yaron a tsakiya na rungume. Hanyar ta cikin gonaki take bi, yashi ne, mashin yana ta zillewa. Ina jin numfashinsa a ƙirjina yana fito kamar usur. Kafin mu hau kwalta ƙarar ta daina. Na ɗauka sauƙi ne ya samu. Na ce wa mai mashin ya rage gudu kada mu faɗi.

Malamar asibiti ta fito da gudu ta karɓe shi. Ta yi masa allura, ta danna ƙirjinsa, ta daɗe tana yi. Daga baya ta ja zanen gadon ta rufe shi, ta cire ɗankwalinta na sama ta ba ni in rufe kaina.

Kafin la'asar an kai shi. Maigidana a maƙabarta ya tarar da su.

Gwaggo ta shigo gaisuwa washegari, idanunta sun kumbura. Ta zauna a bakin tabarma, ta yi addu'a, sannan ta ce wa Inna, da ƙarfi don kowa ya ji, "Wallahi tallahi ban ba shi gyaɗa ba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Inna ta ce, "Ba wanda ya ce kin ba shi. Me ya ci a wurinki?"

"Kwaɗon zogale ne kawai. Ina ci ya ce zai ci. Har ya yi min karatun nasa, na ce masa kwantar da hankalinka baƙona, babu gyaɗa a ciki."

"Da me kika kwaɗa?"

"Da me ake kwaɗo? Da ƙuli mana."

Gwaggo ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ai ƙuli ba gyaɗa ba ne. An matse man, an soya, an daka. Me ya rage a ciki?"

Wasu daga cikin matan suka gyaɗa kai, don su ma haka suka sani. A bakinmu gyaɗa daban, tunkuza daban, ƙuli daban, kamar yadda nono daban man shanu daban. Mun taso muna jin cewa ƙarfin gyaɗa a manta yake. In kin aiki yaro ya sayo gyaɗa ya kawo ƙuli, dukansa za ki yi. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa, ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare." Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne.

Gwaggo ba ta ƙara kwaɗo ba, an ce ko a gidan biki aka kawo sai ta tashi. Muna gaisawa. Kafar darnin tana nan a buɗe, ba mai bi.

Saura yarinyar. Ba wanda zai iya gaya min ko jikinta irin na wanta ne. Ba ta taɓa ɗanɗana gyaɗa ba, ko wani abu da ya fito daga cikinta, ko abin da aka dafa a tukunyar da ban wanke da hannuna ba. Ba na sauke ta daga baya in mun fita. Wannan karon ba wadda ta ce na ce mata mayya, sai dai su bi ni da ido. Koko nake ba ta da tuwo mai ruwa-ruwa, wake in an samu. Nonona ya ja baya tun rasuwar. Ta yi zawo da damina, ta yi zazzaɓi, ba ta mayar da jikinta ba. Sa'o'inta suna gudu, ita tana zaune inda aka ajiye ta. Gashinta ya yi laushi ya koma ja.

A awon da ya wuce Malamar ba ta tsaya a sikeli ba. Ta ɗauko wani siririn ma'auni mai launi-launi ta zagaya damtsen yarinyar, ta ja. Ya tsaya a kan ja. Ta sake gwadawa a hankali. Ta ce tamowa ce, kuma ta yi nisa. Ta shiga ciki ta fito da 'yan ledoji a hannu, irin waɗanda nake gani ana ba matan da yaransu suka rame, yaran suna tsotsa a kan benci. Na san yaran da aka kawo kamar tsumma, wannan abin ya tashe su.

Na ce, "Malama, da me ake yin sa?"

Ta zauna kusa da ni a kan bencin, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce, "Da madara da sukari. Da gyaɗa."

Ta ce ba dole ba ne ƙanwa ta gaji wanta, da yawa ba sa gada. Ta ce in na yarda a shafa mata kaɗan a leɓe a nan gabanta, mu zauna mu gani.

"In ta kumbura fa?"

"Ina da allura."

"Shi ma kin yi masa allura."

"Shi an makara. Ita tana gabana."

"Za ki yi min alkawari?"

Ta dubi yarinyar. Sannan ta ce, "Maman yarinya, ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Amma in aka bar ta haka, wannan kam na san inda yake zuwa."

Akwai wata madarar da babu gyaɗa a ciki, in ji ta, amma sai an kwantar da yaro a babban asibiti ake ba shi, kuma in an sallame shi waɗannan ledojin dai za a haɗo shi da su. Na ce ta ba ni in je in yi shawara. Ta ƙulle min su a baƙar leda, ta ce kada in buɗe a gida, in dawo da su ranar awo a buɗe a gabanta.

Maigidana ya ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, amma a ba ta, Allah ke rayawa. Inna da aka tambaye ta, ta ce kada a sa bakinta, ita ta gama ba jikoki abu da hannunta. Suka bar min.

Ledar tana cikin kwalla a saman kabad, inda hannun yarinyar ba zai kai ba ko da tana iya miƙewa. Jibi ne awo. Ɗazu da na yi mata wanka na zagaya damtsenta da babban yatsana da manuni, suka haɗu, har da saura.